Dangin aya da abincin ƙasa a fadamun Wurno, Rabah da Goronyo

Dangin aya wasu tsirrai ne masu kama da ciyawa, waɗanda masana kimiyyar tsirrai suka haɗa a gida ɗaya mai suna Cyperaceae. A cikinsu akwai aya da ake nomawa a ci, da jiji ko aya-aya da ke addabar gonaki, da kajiji da ake haɗa turaren wuta da shi, da gwaigwaya da ke fitowa a bakin tafki. A gabashin Jihar Sakkwato, musamman a ƙananan hukumomin Wurno, Rabah da Goronyo, ana samun waɗannan tsirrai a fadamun Gulbin Rima da na Gulbin Sakkwato, a gonakin shinkafa, da kuma lambunan albasa da tafarnuwa.

Girman da suke yi da yawan da suke kaiwa sun dogara ne da abincin da ke cikin ƙasa, musamman naitrojin da fosfaras da fotashiyam. Sai dai kasancewar abinci a cikin ƙasa daban, samunsa ga shuka daban. Ruwa da zafi da haske da lokacin zuba taki su ne ke yanke hukuncin wanda zai ci abincin, ko amfanin gona ko ciyawar da ke gefensa. Wannan ne ya sa takin da manomi ya saya da tsada yakan ƙare a jikin jiji idan ba a yi noma a kan lokaci ba.

Sunaye

Sunan aya-aya ya samu ne ta hanyar ninka kalma. A Hausa idan aka maimaita suna ko sifa, sau da yawa ana nufin abin da ya yi kama da na ainihi amma bai kai shi ba, kamar yadda ake cewa ruwa-ruwa, gishiri-gishiri ko ja-ja. Ke nan aya-aya ita ce mai kama da aya, amma ba aya ba. A kimiyyance ana kiran aya Cyperus esculentus, ana kiran aya-aya ko jiji Cyperus rotundus. Masanin tsirrai ɗan ƙasar Suwidin, Carl Linnaeus, shi ya raɗa musu waɗannan sunaye a shekarar 1753. Kalmar esculentus a Latin tana nufin abin da ake ci. Kajiji kuma shi ne Cyperus articulatus. Akwai wasu ƙanana masu siririn ganye da ake kira gemun kwaɗo, sunan da ake ba wa fiye da iri ɗaya.

Sunayen Hausa ba su cika daidaita ɗaya-da-ɗaya da na kimiyya ba. Suna ɗaya yana iya rufe iri biyu ko uku, kuma iri ɗaya yana iya samun suna daban daga wannan gari zuwa wancan. Ita kanta kalmar fadama, a Sakkwatanci ana furta ta hwadama. Aya ta shiga cikin salon magana, inda ake cewa wane ya yaba wa aya zaƙinta, wato ya sha wuya.

Siffa da yadda suke rayuwa

A duniya akwai dangin aya kusan iri 5,500. Hanya mafi sauƙi ta bambanta su da ciyawa ita ce a murza karan tsakanin yatsu. Karan yawancinsu yana da kusurwa uku, cikinsa a cike yake, kuma ba shi da gaɓoɓi irin na gero ko dawa. Ganyen yana fitowa ne a jere uku. Kajiji ya fita daban, don karansa zagayayye ne kuma yana da alamun gaɓa idan ya bushe.

Ƙarfin aya da jiji yana ƙarƙashin ƙasa. Jiji yana miƙa siraran jijiyoyi, kowace ta ɗaura ƙwaya, ƙwayar ta fitar da sabon tsiro da wata jijiyar, har a samu sarƙa mai ƙwayoyi da yawa a haɗe. Yawancin ƙwayoyin suna cikin santimita 15 na saman ƙasa. Ƙwayar rumbu ce: tana ajiye sitaci da sauran abinci, ta kwanta a ƙasa tsawon rani, ta tsiro da zarar ta ji laima. Aya kuma takan ɗaura ƙwaya ɗaya a ƙarshen kowace jijiya, ba ta yin sarƙa.

Aya da jiji suna cikin tsirran da ke haɗa abincinsu ta hanyar da masana ke kira C4, kamar gero da dawa da masara da rake. Irin waɗannan tsirrai suna son zafi da hasken rana mai ƙarfi, kuma suna cin moriyar ruwa da naitrojin fiye da tsirrai irin su shinkafa da alkama da albasa. Rauninsu shi ne inuwa. Idan amfanin gona ya rufe ƙasa, jiji yakan yi laushi, ƙwayoyinsa su ragu.

Waɗanda ke zaune cikin ruwa kuma suna da ƙananan hanyoyin iska a cikin kara da saiwa, masu kai iska daga ganye zuwa ƙasa. Da wannan suke rayuwa a cikin taɓon da babu iska, inda saiwar gero ko wake za ta ruɓe.

Yanayin yankin

Wurno, Rabah da Goronyo suna yankin da damina ke da gajarta, daga wajen watan Yuni zuwa Satumba, da ruwan sama da yakan kai kusan milimita 600 zuwa 700 a shekara. A watannin bazara zafi yakan wuce digiri 40 a ma'aunin Salshiyas. Goronyo da Wurno suna kan kwarin Gulbin Rima, Rabah kuma tana bakin Gulbin Sakkwato. Gulaben biyu suna haɗuwa a kusa da birnin Sakkwato. Wurno tsohon ribaɗi ne na Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, wanda ya rasu a can a 1837, Rabah kuma ita ce mahaifar Sardaunan Sakkwato Ahmadu Bello. Tun zamanin da, arzikin waɗannan garuruwa yana jingine da fadama.

Ƙasar yankin ta kasu gida biyu manya. A tudu akwai jigawa, ƙasa mai yashi da ruwa ke wucewa cikinta da sauri, mai ƙarancin ruɓaɓɓen ganye da ƙarancin naitrojin da fosfaras. A fadama akwai laka da yumɓu da gulbi ya tara shekara da shekaru, masu riƙe ruwa da abinci fiye da na tudu. Tsakanin biyun akwai gangare, inda yashi da laka suka gauraya. Kowane iri na dangin aya yana da wurin da ya fi so a wannan jeri: aya ta fi son ƙasa mai sauƙi, jiji ya fi yawa a ƙasa mai laima wadda ake nomawa ana kuma ba ta taki, gwaigwaya da kajiji kuma suna inda ruwa ke kwanciya.

Duwatsun da ke ƙarƙashin yankin ma sun san sunayen garuruwansa. Masana ilimin ƙasa sun raɗa wa wasu shimfiɗun duwatsu na kwarin Sakkwato sunayen Taloka, Dukamaje da Wurno. A wata shimfiɗar mai ɗauke da sunan Dange, kudu da Sakkwato, ana samun dutse mai fosfaras, wanda masu bincike suka gwada niƙawa don a yi taki da shi. Ke nan jihar da gonakinta na tudu ke fama da ƙarancin fosfaras tana da shi a cikin dutse, a siffar da ba ta narkewa da sauri.

Sinadarai uku da aikinsu

Naitrojin shi ke gina ganye da kara, shi ke sa shuka ta yi kore shar. Idan ya yi ƙaranci, jiji yakan tsaya gajere, tsofaffin ganyensa su yi ruwan ɗorawa, tsironsa ya yi kaɗan. Idan ya wadata, yakan fitar da tsiro da yawa cikin ɗan lokaci, kowane tsiro kuma ya ɗaura sababbin ƙwayoyi.

Fosfaras yana aiki a saiwa da wajen sarrafa ƙarfi a jikin shuka. Ba ya tafiya da nisa a cikin ƙasa, sai dai saiwa ta je inda yake. Shi ya sa shukar da ta riga shimfiɗa saiwa ita ke fara samunsa.

Fotashiyam yana taimakawa wajen kai sukari daga ganye zuwa ƙwaya, da kuma jure ƙishi. Duk shukar da ake nomawa don abin da take ajiyewa a ƙasa, kamar dankali da rogo da aya, tana bukatarsa sosai.

Akwai wata ƙa'ida da ake danganta wa masanan Jamus biyu na ƙarni na 19, Carl Sprengel da Justus von Liebig, wadda ke cewa sinadarin da ya fi ƙaranci shi ke iyakance girman shuka, ko da sauran sun yi yawa. Tulun da ya huje a gindi ba ya cika, komai faɗin bakinsa. A gonar da fosfaras ya yi ƙasa, ƙarin yuriya ba zai ba da abin da ake tsammani ba.

Inda abincin ke fitowa

Hanya ta farko ita ce ambaliyar gulbi. Ruwan da ya malala cikin fadama a watan Agusta da Satumba yana zuwa da laka daga sama, ya kwantar da ita idan ya janye. Wannan sabuwar laka ita ce takin fadama na asali.

Ta biyu ita ce dabbobi. Da rani makiyaya kan gangaro fadama da shanu da tumaki don kiwo da ruwa, su bar kashi da fitsari a gonakin da aka girbe. Manoma kuma suna kai takin gida da toka a kan jakai ko amalanke. A inda garke ya kwana, ciyawar da ke fitowa da damina takan bambanta da ta kewaye, ta fi tsawo ta fi duhun kore, kuma jiji yana cikin masu cin wannan gajiyar.

Ta uku ita ce ƙurar hunturu. Iskar da ke kaɗowa daga arewa maso gabas tana ɗauko ƙura daga Sahara, da yawanta daga kwarin Bodele a ƙasar Chadi, ta zubar da ita a kan gonaki. Ƙurar tana ɗauke da fotashiyam da kalsiyam da ɗan fosfaras. Ta huɗu ita ce itatuwa da shuke-shuke masu jawo naitrojin daga iska, kamar gawo da wake da gyaɗa. Gawo yana zubar da ganyensa da damina, don haka yana ba ƙasa taki ba tare da ya yi wa shuka inuwa ba.

Ta biyar ita ce takin zamani. Manoman yankin sun fi amfani da kamfa, wanda ke haɗe da sinadaran uku, kamar mai lamba 15-15-15 ko 20-10-10, da kuma yuriya, wadda kashi 46 cikin ɗari na nauyinta naitrojin ne. A taron shugabannin Afirka kan taki da aka yi a Abuja a 2006, an bayyana cewa abin da ake zubawa a gonakin Afirka kudu da Sahara bai wuce kilo 8 na sinadarai a kowace hekta ba, aka sa burin kai shi kilo 50 zuwa 2015. A cikin yanki kamar wannan, takin zamani ya fi taruwa a gonakin rani da na shinkafa, inda ake sa ran kuɗin zai dawo. Can ne kuma dangin aya suka fi yawa.

Ruwa da samuwar abinci

Da faɗuwar ruwan farko bayan dogon rani, ƙananan halittun da ke cikin ƙasa sukan farfaɗo, su ruɓar da abin da ya bushe, su saki naitrojin da yawa a lokaci ɗaya. Masanin ƙasa H. F. Birch ya bayyana wannan a Gabashin Afirka a 1958. A ƙasa mai yashi wannan naitrojin ba ya daɗewa, ruwan da ya biyo baya yakan wanke shi zuwa ƙasa. Jiji yana da fifiko a nan, domin ba daga ƙaramin iri yake tashi ba. Yana tashi daga ƙwaya mai guzuri, ya fitar da ganye da saiwa kafin irin da manomi ya shuka ya kafu.

A gonar shinkafa da ruwa ya kwanta, lissafin yana canzawa. Cikin 'yan kwanaki iskar oksijin takan ƙare a cikin taɓo. Naitrojin da ke siffar naitret sai ya koma iska ya tashi, wanda ke siffar amoniyam kuma ya zauna a jikin yumɓu. Fosfaras da ƙarfen ƙasa ya ɗaure yakan saku, shuka ta same shi. Yuriyar da aka watsa a kan ruwa a tsakiyar zafi kuwa, wani kaso nata yakan tashi sama a matsayin amoniya kafin saiwa ta kama shi.

Zurfin ruwan ma yana zaɓen irin ciyawar da za ta fito. Jiji ba ya son ruwa mai zurfi da ya daɗe a kwance. Amma akwai wasu 'yan uwansa biyu, Cyperus difformis da Cyperus iria, da suka shahara a gonakin shinkafa na Afirka da Asiya. Su ba su da ƙwaya a ƙasa, da iri suke yaɗuwa, kuma gindi ɗaya yana iya zubar da dubban iri. Suna tsirowa a taɓo mai laima ko ruwa marar zurfi, su girma su yi iri cikin 'yan makonni. Gonar da ruwanta ke zuwa yana yankewa, sa'annan ana zuba mata taki, ita ce suka fi so.

Madatsun ruwa da sauyin fadama

An kammala madatsar ruwa ta Goronyo a kan Gulbin Rima a 1984. Tsayinta mita 21 ne, tsawonta kusan kilomita 12.5, kuma an gina ta don ta riƙe ruwa fiye da kubik mita miliyan 900. Tana ƙarƙashin Hukumar Raya Kogunan Sakkwato da Rima, tana ba da ruwa ga aikin noman rani na tsakiyar kwarin Rima da kuma birnin Sakkwato. A Wurno akwai aikin noman rani da ke dogaro da madatsar Lugu. A kan Gulbin Sakkwato kuma, sama da Rabah, akwai madatsar Bakalori a Jihar Zamfara ta yanzu, wadda aka kammala a 1978.

Madatsa tana canza abubuwa biyu da suka shafi abincin ƙasa. Na farko, lakar da gulbi ke ɗauke da ita tana kwanciya a cikin tafkin madatsar maimakon ta isa fadama. Na biyu, ambaliyar shekara-shekara tana raguwa, sai ruwa ya riƙa zuwa ta magudana ko ta injin ban-ruwa a lokacin da a da ƙasa ke bushewa. Masanin labarin ƙasa W. M. Adams, wanda ya yi nazarin fadamar Gulbin Sakkwato bayan gina Bakalori, ya nuna cewa filin da ruwa ke malalawa ya ragu, noman shinkafa ya ja baya a wasu ƙauyuka, manoma suka koma gero da dawa.

Ga dangin aya, wannan sauyi yana da ma'ana bayyananniya. A tsohon tsari, dogon rani yana busar da saman ƙasa, ya kashe wani kaso na ƙwayoyin jiji, ambaliya mai zurfi kuma ta danne wasu. A sabon tsari, gonar da ake nomawa damina da rani tana da laima kusan duk shekara, tana samun taki sau biyu ko uku, don haka jiji ba ya hutawa. Duk da madatsun, babbar ambaliya ba ta ƙare ba. A watan Satumba na 2010 ruwa ya mamaye garuruwa da gonaki da dama a kwarin Rima, ciki har da na Goronyo da Wurno. Irin wannan ruwa yana kawo laka a wani wuri, ya binne gona da yashi a wani, kuma yana ɗaukar iri da ƙwayoyin ciyawa daga gona zuwa gona.

Gasa da amfanin gona

A wani littafi da LeRoy Holm da abokan aikinsa suka fitar a 1977 kan ciyayin da suka fi ɓarna a duniya, jiji ne aka sa a farko. An same shi yana damun amfanin gona iri 52 a ƙasashe fiye da 90.

Abin da ya fi shafar manomin fadama shi ne yadda taki ke shiga cikin wannan gasa. A 1976, L. I. Okafor da S. K. De Datta sun buga sakamakon gwajin da suka yi a cibiyar binciken shinkafa ta duniya da ke ƙasar Filifin, kan shinkafar tudu da jiji. Sun gano cewa ƙarin naitrojin ya fi amfanar jiji a kan shinkafa, kuma asarar da jiji ke jawowa ta ƙaru da aka ƙara taki. Wani gwajin da R. D. William da G. F. Warren suka yi a Barazil, wanda aka buga a 1975, ya nuna cewa jijin da aka bari ba a nome ba ya rage amfanin tafarnuwa da kashi 89 cikin ɗari, na kuɓewa da kashi 62, na tumatir da kashi 53.

Waɗannan alƙaluma na wasu ƙasashe ne, amma dalilin da ke bayansu ɗaya ne a ko'ina. Albasa da tafarnuwa, waɗanda Wurno da Goronyo suka yi suna da su, suna da siririn ganye a tsaye wanda ba ya rufe ƙasa, saiwarsu ba ta nisa, kuma suna jinkirin tashi. Suna bukatar taki da ban-ruwa akai-akai. Fangalin albasa ke nan wuri ne mai haske da laima da abinci, duk abin da jiji ke nema.

Hanyoyin rage ɓarnar sun biyo wannan fahimta. Ana nome ciyawa kafin a zuba taki, ba bayan an zuba ba. Ana raba yuriya kashi biyu ko uku a ba shuka lokacin da take bukata, maimakon a zuba gaba ɗaya. Ana sa takin kusa da gindin shuka a rufe da ƙasa, maimakon a watsa shi ko'ina. A gonar shinkafa, dasa da kuma riƙe ruwa a kwance a makonnin farko suna ba shinkafa gaba. Juya ƙasa a tsakiyar rani yana fito da ƙwayoyin jiji rana ta busar da su, domin ba sa rayuwa idan suka bushe ƙwarai. Amma sara da fartanya a ƙasa mai laima yakan tsinka sarƙar, ƙwayoyin da ke barci su farka, kowace ta tsiro da kanta, sai gona ta fi da cika. Sauya shuka da mai rufe ƙasa, kamar wake mai yaɗo ko dankali, yana raunana jiji ta hanyar inuwa. Ana kuma amfani da maganin feshi, sai dai wanda ke ƙona ganye kaɗai ba ya kai ga ƙwayar da ke ƙasa. Tsangayar aikin gona ta Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, mai gonar gwaji a fadamar Kwalkwalawa, da Kwalejin Aikin Gona ta Wurno suna cikin wuraren da ake koyar da waɗannan batutuwa a jihar.

Aya a matsayin amfanin gona

Aya ita ce ɗiyar gidan da ake marhabin da girmanta. Ana cin ta ɗanya ko busasshiya ko soyayya, ana yin kunun aya da dakuwa da ita. Tsofaffin Misirawa sun noma ta, an kuma same ta a cikin kaburburansu. A yankin Balensiya na ƙasar Sifen ana yin wani abin sha da ita mai kama da kunun aya. A ƙasar Hausa, yankin Maraɗi a Jamhuriyar Nijar ya yi fice wajen nomanta, kuma ana shigo da ita kasuwannin arewacin Nijeriya.

Aya tana son ƙasa mai sauƙi don ƙwayar ta samu wurin kumbura kuma a ji daɗin haƙa. Tana karɓar taki sosai, amma idan naitrojin ya yi yawa takan tafi a ganye, har ta kwanta, ƙwaya ba ta biya ba. Fotashiyam da fosfaras su ne ke taimaka wa cikar ƙwaya. Girbinta yana da nauyi a kan ƙasa. A yankin Maraɗi akan ƙona busasshen ganyen, a haƙe ƙasa, a tankaɗe ta a sheƙe don a fitar da ƙwayar. Ƙonawa tana tafiyar da naitrojin da ke cikin ganye, ƙasar da aka mai da gari kuma iskar hunturu tana kwashe ta. Gonar da aka maimaita wa aya ba tare da mayar mata da taki ba takan gaji da wuri. Ƙwayoyin da suka saura a ƙasa kuma sukan tsiro a shekara mai zuwa a matsayin ciyawa a cikin wani amfanin.

Kwatanci da yankin ƙanƙara

Dangin aya ba a ƙasashen zafi kaɗai suke ba. A can ƙuryar arewacin duniya, a filayen da ake kira tundura a Alaska da Kanada da Saiberiya, suna cikin tsirran da suka fi yawa. Biyu daga cikin sanannu su ne Eriophorum vaginatum, mai fitar da farin gashi kamar auduga, da Carex aquatilis na wuraren da ruwa ke kwanciya. A can ƙasa tana daskare a ƙarƙashi duk shekara, sama-sama kaɗai ke narkewa na 'yan watanni. Sanyi yana hana matattun ganye ruɓewa, don haka naitrojin da fosfaras suna nan jibge a cikin ƙasa amma a kulle.

Tsirran wurin sun saba da tsimi. Suna janye abinci daga ganyen da zai mutu su ajiye a gindi don shekara mai zuwa. A 1993, F. S. Chapin da abokan aikinsa sun nuna cewa Eriophorum vaginatum yana iya shan naitrojin kai tsaye daga sinadaran amino, ba sai ya jira sun gama ruɓewa ba. A kusa da tafkin Toolik a arewacin Alaska, an fara zuba wa wasu filayen gwaji taki a kowace shekara tun 1981. Da farko ciyayi da dangin aya ne suka bunƙasa, amma bayan shekaru wani gajeren itace mai suna Betula nana ya yi tsawo ya rufe su da inuwa, suka ja baya. Wani rahoto na 2004 ya nuna cewa bayan shekara 20, tsirran saman ƙasa sun ƙaru, amma kabon da ke ajiye a cikin ƙasa ya ragu fiye da abin da aka samu a sama.

Matsalar tundura da ta kwarin Rima kishiyoyi ne. A can sanyi ke riƙe abinci ya hana shi fita. A nan zafi ke saurin sakin sa, yashi da ruwa da iska su tafi da shi. Amma sakamakon gwaje-gwajen ya zo ɗaya a wuri guda: ƙarin taki yana canza wanda zai mamaye fili, kuma a ƙarshe wanda ya samu haske shi ke rinjaye. A Alaska itace ne ya shanye hasken ya danne dangin aya. A fangalin albasa babu mai yi wa jiji inuwa, sai abin da fartanya da lokacin zuba taki suka hana shi.

Amfani a muhalli da gida

A bakin gulbi da tafki, saiwar dangin aya tana riƙe ƙasa ta rage zaizaya, tana kuma tsotse wani kaso na takin da ruwa ya wanko daga gonaki kafin ya shiga gulbi. Tsuntsayen ruwa da ƙananan kifaye suna fakewa a cikinsu. Dabbobi suna cin ɗanyen ganyensu idan kiwo ya yi wuya, ko da yake sun fi son ciyawa irin burugu. Saiwar kajiji mai ƙamshi tana cikin kayan haɗin turaren wuta da mata ke saye a kasuwa, kuma ana amfani da ita da ƙwayar jiji a maganin gargajiya. Binciken da aka buga a 2014 kan haƙoran mutanen da da aka tono a Al Khiday, a tsakiyar Sudan, ya nuna cewa sun daɗe suna cin ƙwayar jiji tun kafin su fara noma.

Duba kuma

Aya
Fadama
Gulbin Rima
Madatsar ruwa ta Goronyo
Noman rani
Takin zamani